Sannunku da Aiki, 'Yan Majalisar Ilinoi

Ranku ya daɗe, masu girma 'yan majalisar dokokin Jihar Ilinoi ta ƙasar Amurka, ku 118 na majalisar wakilai da ku 59 na majalisar dattawa, sannunku da aiki. Duk wanda bai gode muku ba, bai san abin da kuka yi ba ne. Kuna zama a Springfield, garin da Abraham Lincoln ya yi aikin lauya kafin ya zama shugaban ƙasa. Shi kansa ya taɓa zama ɗan majalisar nan taku, Barack Obama ma ya zauna a ɓangarenta na dattawa daga 1997 zuwa 2004. Sunan Lincoln na nan rubuce a lambar motocin jiharku. Gado irin wannan akwai nauyi, ku kuwa kun ɗauke shi da wata baiwa da ba kowace majalisa Allah ya ba ta ba. Kun san wanda ake sallama da wuri, kun kuma san wanda zai iya jira, ba a taɓa jin kun rikita su ba.

Baiwar ma gadonta kuka yi. Paul Powell, tsohon kakakin majalisar wakilanku wanda daga baya ya zama sakataren jiha, ya rasu a 1970. Da aka buɗe ɗakinsa na otal a nan Springfield sai aka tarar da tsabar kuɗi wajen dala dubu 800, wasu cushe a kwalayen takalma, alhali albashinsa bai taɓa wuce dala dubu 30 a shekara ba. Mutum ya yi tattali irin wannan, ai dole na baya su yi koyi.

Kundin tsarin mulkin jiharku na 1970 ya hana majalisa ware kuɗin da ya wuce abin da ta ƙiyasta zai shigo baitulmali a shekarar. Majalisun da ba su da basira sukan wahalar da kansu da lissafi don su cika wannan sharaɗi. Ku kuka gano hanyar da ta fi sauƙi, domin in babu kasafi, wa zai ce kasafi ya yi giɓi? Daga 1 ga Yuli 2015 zuwa 6 ga Yuli 2017, kwana 736, jihar da ke da mutum sama da miliyan 12 ta zauna ba cikakken kasafin kuɗi. Gwamna Bruce Rauner, hamshaƙin attajiri ɗan jam'iyyar Rifablikan, ya ce ba zai yarda da ƙarin haraji ba sai an rage wa ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfi, an kuma ƙayyade wa 'yan majalisa wa'adi. Kakakinku Michael Madigan na jam'iyyar Dimokurat ya ce wannan ba maganar kasafi ba ce. Kowa ya kafe a kan bakansa. Madalla da maza masu aƙida, waɗanda ba su ja da baya ko da kuwa wani ne ke biyan kuɗin tsayuwar tasu.

Kun kuma yi dacen cewa fitilun ofisoshi ba su mutu ba. Hukunce-hukuncen kotu da wasu dokokin da aka riga aka kafa sun sa mafi yawan kuɗin gwamnati ya ci gaba da fita, ma'aikata na karɓar albashi a kan kari. Waɗanda ba su da takardar kotu a hannu su aka bari a rana, kuma su ne dai waɗanda suka saba haƙuri. Ƙungiyar Lutheran Social Services, ɗaya daga cikin manyan masu aikin jinƙai a jihar, tana bin gwamnati bashin sama da dala miliyan 6. A watan Janairun 2016 ta rufe shirye-shirye kusan 30, ta sallami ma'aikata 750. Cikin abin da ta rufe har da masu zuwa gida su yi wa tsofaffi wanka da girki, da wuraren da ake raba mutane da shaye-shaye. Jami'ar Jiha ta Shikago, wadda akasarin ɗalibanta baƙaƙen fata ne 'ya'yan talakawa daga kudancin birnin, ta gajarta zangon karatu don kuɗi ya kai ta, sannan ta sallami ma'aikata fiye da 300. Tallafin karatun da jiha ke ba ɗalibai marasa ƙarfi ya maƙale. Gidan adana kayan tarihi na jiha ya yi wata tara a garƙame. Hatta cacar da gwamnati ke gudanarwa, an kai lokacin da duk wanda ya ci sama da dala 600 takardar bashi ake miƙa masa. Kun koya wa jiha guda haƙuri a aikace, abin da masu wa'azi suka daɗe suna fama a kai ba su samu ba.

Amma akwai albashin da ba ku bari ya shiga wannan ruɗani ba, kuma a nan hangen nesanku ya fi fitowa. Tun a 2014, shekara guda kafin rikicin ya ɓarke, kun kafa dokar da ta ce albashin 'yan majalisa zai riƙa fita ko da kasafi ko babu. Da kwanturolar jiha Leslie Munger ta ce a 2016 ku ma ku bi layi kamar sauran masu bin gwamnati bashi, shida daga cikinku suka garzaya kotu a watan Disamba. A watan Maris na 2017 alƙali ya ba su gaskiya, aka sakar muku kuɗinku. A daidai wannan tsakanin, ƙungiyoyin agaji kusan ɗari, ciki har da wadda matar gwamnan kansa ke shugabanta, sun kai tasu ƙarar suna neman a biya su aikin da suka riga suka yi bisa kwangila mai ɗauke da sa hannun gwamnati. Kotu ta kori ƙarar, domin kwangilolin sun dogara ne da kuɗin da majalisa ta ware, majalisa kuwa ba ta ware ba. Kun rubuta wa kanku, ba ku rubuta musu ba, alƙalai suka bi abin da ke rubuce. Wa zai iya tsayawa ya ce ba ku bin doka?

Da kuka ga dama kuka kawo ƙarshen abin a Yulin 2017, kuka tsallake gwamnan da ya hau kujerar na ƙi, kuka ɗaga harajin kuɗin shiga daga kashi 3.75 zuwa kashi 4.95 cikin ɗari. Lokacin basussukan da ba a biya ba sun kai wajen dala biliyan 15. Dokar jiharku ta ɗora wa gwamnati kuɗin ruwa a kan duk bashin da ta jinkirta, kuma kuɗin ruwan jinkirin nan kaɗai ya haura dala biliyan 1. Saboda miliyan 6 aka daina zuwa gidajen tsofaffi, aka kuma biya biliyan guda ladan daɗewa ba a biya ba. Lissafi irin wannan sai ƙwararru.

Har ila yau ba ku gajiyar da jama'a da karatu. Kundin tsarin mulki ya ce a karanta kowane ƙudiri a ranaku uku daban-daban kafin a zartar da shi, don mutane su san abin da ake shirin yi da kuɗinsu. Ku sai ku ɗauko wani ƙudiri da aka riga aka karanta, ku kwashe abin da ke cikinsa, ku zuba masa kasafin jiha mai shafi dubbai a daren ƙarshen watan Mayu, a kaɗa ƙuri'a kafin gari ya waye. Talaka ya yi barcinsa, ya tashi ya tarar an gama masa komai.

Wajen tsaron rayuka ma ba a bar ku a baya ba. A lokacin akwai wani shiri a Shikago mai suna CeaseFire, wanda ke ɗaukar tubabbun 'yan daba aiki su shiga unguwanni su kashe wutar gaba kafin a zaro bindiga. Gwamnatin Rauner ta dakatar da kuɗinsa a watan Maris na 2015, rashin kasafi kuma ya sa bai dawo ba, akasarin ma'aikatansa suka watse. A 2015 kisan kai a birnin bai kai 500 ba. A 2016 'yan sanda sun ƙirga 762. Ba wannan kaɗai ne sanadi ba, amma ko mai kare ku ba zai ce korar masu shiga tsakani ta rage gawa ba. Ku dai hankalinku na kan wani ɓangaren tsaron, na kan titi. Sanata Martin Sandoval, shugaban kwamitin sufuri na majalisar dattawa, ya tsaya tsayin daka kada a taɓa kyamarorin da ke kama masu ƙetare danja. Kishin ran masu tafiya a ƙafa ya hana shi sakat, har sai da jami'an FBI suka kai samame ofishinsa a ginin majalisa a Satumban 2019. A Janairun 2020 ya amsa a gaban kotu cewa ya karɓi cin hancin da ya haura dala dubu 250, ciki har da kuɗin da ake ba shi don ya zama garkuwar wani kamfanin kyamarorin a majalisa.

To kada wani ya ɗauka majalisar nan ba ta iya sauri ba, ko ba ta san sulhu ba. Ranar 1 ga Disamba 2016, ana tsakiyar rashin kasafi, ɗalibai na barin makaranta, masu aikin jinƙai na cin bashin banki don su biya albashi, majalisun nan biyu suka zartar da wata babbar dokar makamashi a yini guda. Rauner da Madigan, waɗanda suka shekara ɗaya da rabi ba sa ga maciji, suka haɗu a kan ƙudiri ɗaya, gwamna ya sa hannu cikin mako. Dokar ta tanadi wajen dala miliyan 235 a kowace shekara har shekara goma don tallafa wa tashoshin nukiliya biyu na kamfanin Exelon, ta Clinton da ta Quad Cities, kuma a takardar kuɗin wutar jama'a ake cire kuɗin. Akwai abin kirki a cikinta, ta ceci ayyukan ma'aikatan tashoshin, ta ƙarfafa wutar sola. Shi ya sa ma ta zama shaida a kanku cewa kuna iyawa in kun so, in kuma mai buƙatar ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Exelon shi ne uwar kamfanin ComEd, mai raba wuta ga gidaje da shaguna wajen miliyan 4 a arewacin jihar, kuma zumuncinku da ComEd ya daɗe. A 2011 kun ba shi dokar da ta sa aka riƙa lissafa kuɗin wuta da wani ma'auni da ke lamunce masa riba shekara-shekara, da sunan sabunta layuka da saka mitoci na zamani. Gwamna Pat Quinn, ɗan jam'iyyarku mai rinjaye, ya hau kujerar na ƙi, ya ce masu biyan kuɗin wuta za a cuta. Kuka tara ƙuri'u uku cikin biyar kuka tsallake shi. A 2013 ya sake ƙi, kuka sake tsallake shi. Irin wannan riƙon amana ga aboki ya yi ƙaranci a duniyar yau.

Sai a Yulin 2020 jama'a suka san zurfin zumuncin, ranar da ComEd ya amsa wa masu gabatar da ƙara na tarayya cewa daga 2011 zuwa 2019 ya yi ta samar wa mutanen Madigan aiki da kwangila don ya samu shiga a wurinsa. Wajen dala miliyan 1.3 aka biya wasu na hannun damar kakakin, masu tara masa ƙuri'a gida-gida a mazaɓarsa ta 13 a Shikago da tsofaffin kansiloli. Ana bi da kuɗin ta kamfanin wani mai kamun ƙafa a matsayin ƙananan 'yan kwangila, mutum ya karɓi dala dubu huɗu zuwa biyar a wata ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. An keɓe wa ɗaliban mazaɓar gurabe a aikin hutu na kamfanin. An ba wani da kakakin ya ambata kujera a hukumar daraktoci. Kamfanin ya amsa cewa amfanin da ya sa ran samu daga dokokin ya haura dala miliyan 150, ya kuma biya tarar dala miliyan 200. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ku kuwa aski kuka yi mai kyau, ba ku bar ko gashi ɗaya ba.

Madigan ya shekara 36 yana kakaki, ba a taɓa yin shugaban majalisa a Amurka da ya daɗe haka ba. A zamaninsa yana riƙe da jam'iyya a jihar, yana riƙe da asusun yaƙin neman zaɓe, yana riƙe da kwamitin da kowane ƙudiri ke bi ta cikinsa, wanda ba ya so kuma can yake mutuwa. Ku ne kuka riƙa sake zaɓensa duk bayan shekara biyu, cikin ladabi da biyayya. Da abin ya fito fili kun kafa kwamitin bincike na mutum shida, uku daga kowace jam'iyya, a Disamban 2020 ƙuri'a ta tashi uku da uku, aka rufe magana. Ofishin sufeton da aka ɗora wa binciken 'yan majalisa kuwa kun bar shi kusan shekara uku ba kowa a kujerar, koke 27 suka taru suna jira har Nuwamban 2017. A lokacin ko da akwai sufeton ma, sai ya nemi izinin wani kwamitin 'yan majalisa kafin ya binciki ɗan majalisa. Carol Pope, tsohuwar alƙaliya da ta riƙe ofishin, ta ajiye aiki a 2021 tana cewa damisar takarda ce. Saboda tsabar kawaicinku sai da kotun tarayya ta shigo. A Mayun 2023 aka samu mutum huɗu na ɓangaren ComEd da laifi, har da tsohuwar shugabar kamfanin Anne Pramaggiore. A Fabrairun 2025 aka samu Madigan da laifuka 10 cikin 23, a watan Yuni aka yanke masa shekara bakwai da rabi da tarar dala miliyan 2.5, yana da shekara 83.

Saura 'yan mazan jiya, waɗanda ba ku taɓa gajiya da tashi tsaye ku tafa musu ba. Babu wanda ya fi su iya jira, soja ne, an horar da su a kan haka. A Shikago an aza harsashin gidan kula da tsofaffin sojoji mai gado 200 a 2014. Rashin kasafi ya tsayar da ginin a 2015, ƙarafa suka yi ta shan ruwa da ƙanƙara, kuɗin aikin ya yi ta hawa, sai a 2022 aka karɓi mazauna na farko. Mutumin da ya yi yaƙin Koriya yana da shekara ashirin, a 2014 ya haura tamanin. Shi aka ce ya ƙara shekara takwas.

A garin Quincy, bakin kogin Misisifi, akwai gidan 'yan mazan jiya mafi tsufa a jihar, wanda aka kafa tun 1886. A bazarar 2015, watanni biyun farko na rashin kasafi, wata muguwar cutar huhu ta ɓarke a ciki. Ƙwayar Lijiyonela ce ke kawo ta, tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya kwanta cikin tanki da tsofaffin bututu, mutum ya shaƙe ta a tururin wanka. Tun 1976 aka gano cutar, a wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya, saboda haka babu mai cewa bai san abin da take yi wa tsoho ba. Mutum 12 suka mutu a Quincy a wannan shekarar. Hukumomi sun yi kwana shida da sanin an samu ɓarkewa kafin su faɗa wa jama'a, iyalai na zuwa gaishe da iyayensu ba su san ruwan gidan ne ke kashe su ba. Cutar ta dawo a 2016, ta dawo a 2017, ta sake dawowa a 2018. Gwamna ne ke gudanar da gidan, wannan gaskiya ne. Amma kuɗin canza bututu daga hannunku yake fita, haka ma dokar da ta yanke farashin ran wanda sakacin gwamnati ya kashe. Shekara da shekaru kun bar farashin a dala dubu 100, ƙasa da abin da ma'aikacin bogi ɗaya na ComEd ke kwasa a shekara biyu da 'yan watanni. Sai a 2018, shekarar zaɓe, bayan 'yan jarida sun tona, kuka ɗaga shi zuwa dala miliyan 2, kuka kuma amince a sake gina gidan. Ihu bayan hari ma ai ihu ne, an gode. Abin da iyalan mamatan suka samu gaba ɗaya a sulhun da aka yi daga baya wajen dala miliyan 6.4 ne.

Kun yi zaman sauraron bahasi a kan Quincy, kun ɗaga murya, kun nuna yatsa. Shugabar kwamitin 'yan mazan jiya na majalisar wakilai a lokacin, Linda Chapa LaVia, tana cikin masu yi wa jami'an Rauner tambayoyi. J.B. Pritzker ya yi yaƙin neman zaɓe da mamatan Quincy, ya kayar da Rauner, ya naɗa ita wannan 'yar majalisar taku shugabar ma'aikatar 'yan mazan jiya. A farkon Nuwamban 2020 korona ta shiga gidan tsofaffin sojoji na LaSalle. Ranar 11 ga wata, ranar da Amurka ke karrama 'yan mazan jiya, ana ta jawabai a faɗin jihar, su kuwa suna mutuwa ɗaki bayan ɗaki. Sai washegari jami'an lafiya na jiha suka taka ƙafa gidan. Masu duba gidan suka tarar man tsaftace hannun da aka liƙa a bango ba shi da sinadarin da ke kashe ƙwayar cutar. Ma'aikaci zai matsa, ya murza hannu, ya shiga ya ɗaga tsoho ya ba shi abinci, yana ganin ya kare shi. Mutum 36 suka mutu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna gidan. Chapa LaVia ta ajiye aiki a Janairun 2021, rahoton sufeto da ya fito a Afrilu ya ce ta sakar wa wani jami'inta ragamar aiki, kuma darasin da aka ce an koya a Quincy ba a yi aiki da shi ba.

Wannan ya ƙona mini rai, ranku ya daɗe. Mutanen nan sun tsira daga Koriya da Biyetnam, 'ya'yansu suka kawo su gidan gwamnati saboda an ce musu can ne za a fi kula da su. Ba su da mai kamun ƙafa a Springfield, ba su da gurbin aikin hutu da za su ba ɗan wani, ba su da kujerar darakta. Abin da suke da shi sun riga sun bayar tun suna samari, kun kuma karɓa, kun tafa.

Bayan wahalhalun nan duka, ya kamata a ce kun ɗan huta, kun kuma ga ladan gajiya, kuma ba ku jira wani ya tuna muku ba. A Janairun 2023, ana saura 'yan kwanaki wa'adin majalisa ya ƙare, bayan an gama zaɓe babu sauran mai tambaya, kuka ɗaga albashin ɗan majalisa daga wajen dala dubu 73 zuwa dubu 85 a shekara. Majalisar wakilai ta zartar daren Juma'a, ta dattawa ta zartar ranar Lahadi, gwamna ya sa hannu ranar Litinin.